Karatu ta intanet: wace takarda ce ke kai mutum ga aiki, kuma me za a tanada kafin a fara?

Malam Garba: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga ƙannenmu: mutum ya tara satifiket biyar ko shida na kwasa-kwasan intanet, ya yi ta tura takardar neman aiki, shiru kake ji. Wasu har sun fara cewa karatun intanet ɗin ma yaudara ce. Ina roƙon masana su yi mana bayani filla-filla. Wace takarda ce ke da daraja, wane fanni ya kamata a kama, kuma me ake buƙata na kayan aiki da kuɗi?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Tushen ruɗanin shi ne an haɗa takardu iri uku an sa musu suna ɗaya.

Akwai takardar halartar kwas, irin wadda Coursera ko Udemy ke bayarwa idan mutum ya gama kallon darasi ya amsa 'yan tambayoyi. Abin da take nunawa kawai shi ne ka zauna ka bi darasin. Ba wanda ya tsaya a kanka lokacin da kake amsawa, kuma mai ɗaukar aiki ya san haka.

Akwai takardar ƙwarewa ta kamfani, kamar CCNA ta Cisco a fannin haɗa na'urori ko PL-300 ta Microsoft a fannin nazarin bayanai. Wannan sai an zauna jarrabawa ƙarƙashin mai sa ido, ana faɗuwa, kuma tana da lambar da za a iya tantancewa. Nauyinta daban.

Sai digiri. Shi ne kaɗai ake lissafawa wajen mataki a aikin gwamnati. Mai digiri na farko a mataki na 8 yake shiga, kuma ko satifiket ɗari na intanet ka kawo ba za su motsa ka daga matakinka ba. Wanda burinsa ƙarin girma ne a ma'aikata ya nemi jami'ar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) ta amince ta yi karatu daga nesa: buɗaɗɗiyar jami'ar ƙasa (NOUN), ko cibiyar karatu daga nesa ta ABU Zariya, ko Miva da aka ba lasisi a 2023. Malaman makaranta kuma ga cibiyar horar da malamai ta ƙasa (NTI) ta Kaduna. Abin da ma'aikata ke yawan mantawa shi ne neman izinin karatu a rubuce kafin su fara. Idan babu wannan takarda a fayil, sai mutum ya gama digirin a ce ba a san da zamansa ba.

Nura: Hajiya, to ke nan wanda ya yi kwas ɗin Google na nazarin bayanai ya yi asarar wata shida?

Malama Hadiza: A'a ƙanena, bai yi asara ba, amma bai gama ba. Kwas ɗin an tsara shi ne a kan awa goma a mako na kimanin wata shida, kuma yana ɗanɗana wa mutum abubuwa da yawa sama-sama. Matsalar ita ce duk bayanan da ake ba ɗalibi a kwas an riga an share su, an gyara. A wurin aiki ba haka suke zuwa ba.

Ga hanyar da ta fi kai mutum, idan nazarin bayanai ya zaɓa. Wata biyu na farko Excel kawai, har sai mutum ya iya haɗa tebur biyu da VLOOKUP, ya taƙaita layi dubu goma da PivotTable ba tare da ya leƙa darasi ba. A lura, XLOOKUP da ake yawan koyarwa a bidiyo ba ya aiki a Excel na 2016 da na 2019, waɗanda su ne a yawancin kwamfutocin ofisoshinmu, don haka a koyi tsohuwar hanyar ma. Wata na uku da na huɗu SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi: SELECT, WHERE, GROUP BY, JOIN. Sannan Power BI, manhajar Microsoft mai nuna bayanai a zane. Harshen rubuta manhaja na Python ya jira, ba ya gudu.

Daga wata na biyu a fara taɓa ɗanyen bayani. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da farashin kayan abinci da na man fetur a shafinta kyauta. Mutum ya sauke na watanni da yawa, ya haɗa su wuri ɗaya, ya amsa tambaya guda, misali yadda farashin shinkafa ya tafi a shiyyar arewa maso yamma idan aka gwada shi da na kudu maso yamma. A nan ne zai haɗu da abubuwan da ke kayar da sababbi. Kwanan wata: 03/04 kwamfutar da ke kan tsarin Amurka za ta karanta shi 4 ga Maris, alhali 3 ga Afrilu ake nufi, kuma ba za ta yi maka gargaɗi ba. Lambobin da aka ajiye a matsayin rubutu: ka tara su, jimla ta ba ka sifili ko ta tsallake su. Sunaye: jihar Nasarawa da ƙaramar hukumar Nassarawa ta Kano harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma masu shigar da bayani suna musanya su. Mafi muni shi ne JOIN a kan ginshiƙin da ke da maimaici, layuka su ninka, jimlar kuɗi ta kumbura. Maganinsa a ƙirga layuka kafin haɗawa da bayan haɗawa, kullum.

Aiki uku irin wannan, kowanne da shafi ɗaya na bayanin tambayar, inda aka samo bayanan, abin da aka gyara da abin da aka gano, sun fi satifiket ɗin kansa magana a gaban mai tantancewa.

Injiniya Bashir: Na yarda da Malama, sai dai kada kowa ya ruga nazarin bayanai don shi ake yayi. Shirin koyar da matasa fasaha na 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 ya fara da mutum 30,000, rukuni na biyu aka ce 270,000, kuma nazarin bayanai na cikin fannonin da matasa suka fi rububi. Masu neman aikin farko a wannan layi sun yi yawa. Fannin haɗa na'urori da kula da su ba ya da farin jini a bakin matasa, amma kowane banki, asibiti, otal da makaranta mai cibiyar jarrabawar kwamfuta yana buƙatar wanda zai ja waya, ya saita na'urar rarraba intanet, ya gano dalilin da ya sa rabin kwamfutoci suka daina gani. Manhajar Packet Tracer kyauta ce ga wanda ya yi rajista da makarantar Cisco ta intanet, a ciki ake gina hanyar sadarwa ta gwaji ba tare da an sayi ƙarfe ko ɗaya ba. Inda ɗalibai ke maƙalewa shi ne lissafin rarraba wa na'urori adireshi. Wanda bai iya faɗin cewa /26 na ba da adireshi 64, guda 62 ne masu amfani, cikin daƙiƙa kaɗan ba, lokaci zai ƙare masa a jarrabawar CCNA. Minti 120 ne, kuma ba a komawa tambayar da aka wuce.

Malama Hadiza: Gaskiya ne Injiniya, amma a ƙara da cewa aikin bayanai a arewa ba a kamfanonin fasaha yake ba. Yana ƙungiyoyin agaji da shirye-shiryen lafiya da noma, a sashen bibiya da tantance ayyuka. Su kuma abin da suke tambaya shi ne KoboToolbox ko ODK don tsara fom ɗin tattara bayani a waya, da DHIS2 da ake amfani da shi wajen bayanan asibitoci. DHIS2 na da darussan farko kyauta a intanet. Mai Excel mai kyau da ya iya tsara fom ɗin Kobo, yana jin Hausa da Turanci, ya fi kusa da albashi a Maiduguri ko Sakkwato fiye da wanda ya haddace Python.

Nura: Duk wannan da waya za a iya? Yawancinmu ba mu da kwamfuta.

Sani Mai Talla: Ana iyawa mana. Tallan kaya a Facebook da Instagram, zane da Canva, yanka bidiyo da CapCut, kula da shafin 'yan kasuwa, duk da waya ake yi, kuma akwai masu biya a Kantin Kwari da Singa. Kada a karya wa yara gwiwa da maganar kwamfuta.

Injiniya Bashir: Waɗannan da ka lissafa, e. Amma Power BI na tebur a Windows kaɗai yake tashi, Packet Tracer ma sai kwamfuta, jarrabawar gida mai sa ido kuma ba a yin ta a waya ko kaɗan. A faɗa wa mutum gaskiya tun farko. Waya ta isa a kalli darasi, a gwada fanni wata ɗaya a ga ko zuciya ta kwanta da shi. Daga nan sai a nemi kwamfuta, ko ta haɗin gwiwa ce tsakanin mutum biyu.

Auwalu: Bari in sa baki a nan, tunda maganar na'ura ce. Wanda zai sayi ta hannu, ko a Beirut Road ko a ina, ga abin dubawa.

Ƙwaƙwalwar kwamfutar (processor) ta zama Core i5 zubi na 8 zuwa sama. Ana ganewa daga lambar: i5-8250U zubi na 8 ne, i5-6300U na 6 ne. Dalili shi ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zubi na 8 take karɓa. Mai shago zai ce maka i7 ce, amma i7 zubi na 4 ba ta kai i5 zubi na 8 ba. RAM kada ya gaza 8GB, kuma a tambaya ko akwai gurbin ƙari, don wasu siraran an liƙe musu shi. Ma'ajiya ta zama SSD ko da 256GB ce. Tsohon faifai mai juyawa shi ne ke sa kwamfuta ta yi minti uku tana tashi.

Batir kuma kada a yarda da "yana awa huɗu" na baki. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yanzu. Idan abin da ya rage bai kai kashi 60 cikin ɗari ba, a cire kuɗin sabon batir daga ciniki. A shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a gaban mai shago a tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba, domin da yawa daga kamfanonin waje suka fito. A gwada kyamara da makirfo da kowane maɓalli. Kyamara ta mutu, jarrabawar gida da ganawar neman aiki sun tafi.

Malam Garba: Allah ya saka, Auwalu. Wuta fa? Ita ce ke kashe wa mutane jadawali.

Auwalu: Lissafin ba shi da wuya, Malam. Kwamfutar tafi-da-gidanka a aikin karatu tana jan kimanin wat 30, ko da an rubuta 65 a jikin caja. Awa huɗu ke nan wat-awa 120. A ƙara waya da ƙaramar na'urar intanet da ƙwan fitila, a ce 200 a rana. Farantin sola mai wat 100 yana ba da wajen 350 zuwa 400 a rana mai kyau, ƙasa da haka lokacin hazo idan ba a goge ƙura. Batir mai 12V 100Ah yana ɗauke da 1,200 a takarda, amma idan na ruwa ne ko na jel rabi kawai ake sha, in ba haka ba ya mutu cikin watanni. Wannan ya isa har ya yi saura.

Inda ake samun ɓarna shi ne inbata mai araha da ba ta ba da tsaftatacciyar wuta. Caja ta riƙa zafi tana ƙara, wurin taɓawa na kwamfuta ya riƙa rawa. Wanda kwamfutarsa ke caji ta USB-C ya huta da inbata: ya nemi fawabank mai fitar da wat 65. Mai 20,000mAh kimanin wat-awa 74 ne, wato caji ɗaya da ɗan ƙari. Na waya na yau da kullum ba zai yi ba, ko bakin ya shiga.

Ummu Khalil: Data ma a yi lissafinta, musamman tun ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 da hukumar NCC ta amince da shi a Janairun 2025. Bidiyo a 720p na iya cin kusan 1GB a awa, a 480p wajen rabin haka, a 360p ƙasa da haka. Darasin da malami ke magana kawai 360p ya wadatar. Wanda ake nuna rubutun manhaja a allo sai 720p, don a ƙasa da haka ba a bambanta waƙafi da aya. Mai awa goma a mako, rabi bidiyo rabi aiki da hannu, ya tanadi 12GB zuwa 15GB a wata.

Abin da ke shanye data ba darasin ba ne. Mutum ya kunna wa kwamfuta intanet daga waya, Windows ta ɗauka a gida take, ta fara sauke sabuntawa, gigabait uku su tafi kafin a idar da sallar isha'i. A shiga saitin wannan layin a kunna Metered connection, a dakatar da OneDrive. A sauke darussan mako da datar dare a manhajar waya. A ajin Zoom kuma a kashe kyamara, a kashe bidiyon masu shigowa idan ba allo ake nunawa ba.

Ga mata masu hidimar gida, awa ɗaya da rabi bayan asuba kullum ta fi awa takwas ranar Asabar. Wanda ya bar SQL kwana shida, ranar bakwai bita zai yi, ba ci gaba ba.

Issoufou: Gaisuwa daga Maraɗi. Mu a nan matsalar ta harshe ce ta wani gefen: yawancin waɗannan kwasa-kwasai da Turanci suke. Masu Faransanci su duba FUN-MOOC da OpenClassrooms, darussan Cisco da na Microsoft Learn ma akwai su da Faransanci. Amma umarnin SQL da sunayen saiti duk da Turanci suke, don haka ba makawa sai an koyi na karatu ko da ba a iya na magana ba.

Hajiya Rabi: Wannan magana ta shafi 'yan Najeriya ma, kada mu ruɗi kanmu. Da yawa ba fasahar ce ke kayar da su ba, wasiƙar layi biyar ce. A kunna rubutun ƙasan bidiyo, a rage gudu zuwa 0.75, kuma bayan kowane darasi a rubuta taƙaitawa da Turanci da hannu.

Ina so in koma kan digiri don akwai tarko. A ƙarshen 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga Kwatano cikin mako shida, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo. Duk wanda ya ce zai kawo maka digiri "ta intanet" cikin shekara ɗaya, wannan layin ne. Kafin a biya ko sisi a duba abu biyu a shafin NUC: sunan jami'ar, da kuma ko an amince da wannan kwas ɗin takamaimai. A tambayi matsayinsa game da bautar ƙasa, domin masu karatun wucin gadi takardar cirewa ake ba su, ba a kai su sansani.

NOUN kuma ba sauƙi ba ce kamar yadda ake zato. Maki 30 na ayyukan zango ne da ake amsawa a shafin ɗalibi, 70 na jarrabawa a cibiya. Ayyukan suna da ranar rufewa, kuma rajistar kwas daban take da rajistar jarrabawa. Ɗalibi ya yi ta farko ya manta ta biyu, ranar jarrabawa ya tarar babu sunansa.

Nura: Kuɗin jarrabawar kamfani fa? Na ji ana cewa da dala ne.

Injiniya Bashir: Da dala ne. CCNA dala 300, kuma shekara uku take aiki. Jarrabawar farko ta AWS, wato sashen Amazon mai ba da hayar kwamfutoci da ma'ajiya ta intanet, dala 100, tambaya 65 cikin minti 90, ana cin ta da 700 cikin 1,000, wanda ya faɗi sai ya jira kwana 14 ya sake biya cif. Saboda haka kada a yi rajista sai ana samun sama da kashi 80 a jarrabawar gwaji sau da yawa a jere, da tambayoyin da ba a taɓa gani ba.

Shawarata a je cibiyar Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da waɗannan jarrabawowi, a zauna, ko da za a yi tafiya zuwa wani gari. Ta gida tana da sharuɗɗa masu tsauri: za a ɗauki hoton ɗakin ta kowane gefe, tebur ba komai a kai, ba a karanta tambaya da murya, ba a fita daga idon kyamara. Yaro ya turo ƙofa, ko intanet ta yanke ta daɗe, mai sa ido na iya soke jarrabawar, kuɗin kuma sun tafi. Sunan da ke rajista dole ya zo daidai da na katin shaida harafi da harafi. Muhammad a fasfo, Mohammed a rajista, ya isa a hana mutum zama. A gyara wannan mako guda kafin ranar.

Wanda ba shi da ko sisi: Microsoft Learn kyauta ne, freeCodeCamp kyauta ne, kwas ɗin kwamfuta na CS50 na jami'ar Harvard ma kyauta ne har da takardarsu ga wanda ya samu kashi 70 a kowane aiki ya kuma gabatar da aikin ƙarshe. Coursera na da neman tallafi, ana cika fom a jira kimanin mako biyu. A rubuta da kai, kada a kwafo na wani.

Sani Mai Talla: Ni dai har yanzu ina ganin an cika nauyaya abin. Yaro ya buɗe shafi a Fiverr ko Upwork, inda ake neman aikin kwangila ta intanet, ya fara karɓar dala, ina ruwansa da mataki na 8?

Ummu Khalil: Malam Sani, buɗewa ba wuya, samun aikin farko ne wuya. Sabon shafi marar shaidar kowa yana gogayya da mutanen Indiya da Pakistan da Filifin masu ɗaruruwan shaidu. A Upwork kowace takardar neman aiki tana cin tikitin da ake saye da kuɗi. Fiverr na cire kashi 20, aikin dala 50 ya koma 40, a riƙe su kwana 14, sannan ga kuɗin cirewa ta Payoneer. Ga bambancin lokaci: New York na bayanmu da awa biyar ko shida, saƙon abokin ciniki zai shigo lokacin da kake barci ko wuta ta ɗauke.

Inda Bahaushe ke da rinjaye shi ne harshensa: fassara, rubuta abin da aka faɗa a murya, da tantance rubutun Hausa ga masu gina manhajojin harshe. Amma a nan ma ana gwaji, kuma ƙa'idar rubutu ce ke zubar da mutane. Wanda ke rubuta "yace" maimakon "ya ce", ko ya kasa bambanta ƙasa da kasa, ba zai wuce ba. A saka allon rubutu na Hausa a Gboard, ƙ da ɗ da ɓ suna nan.

Kuma a kiyayi masu turo saƙo a WhatsApp ko Telegram cewa za a biya ka don danna wa bidiyo alamar so. Suna biyan ɗan abu sau ɗaya ko biyu, daga nan su ce ka zuba naka don a buɗe maka babban aiki. Duk aikin da ya nemi ka biya kuɗin rajista, ko ya nemi lambar sirrin da banki ya turo maka, a toshe shi.

Sani Mai Talla: Wannan kam na yarda. Amma ban janye ba kan cewa abokin ciniki na farko yana unguwarku, ba a Amurka ba. Mai shagon magani da ke rubuta kayansa a littafi, ka tsara masa Excel mai nuna abin da ya kusa ƙarewa da wanda ya kusa lalacewa, ga aikin nunawa, ga shaida.

Malama Hadiza: A nan mun haɗu. Sai dai a nemi izininsa kafin a nuna aikin a waje, a kuma canza sunaye da lambobin kuɗi. Bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai kuwa ba a saka su a intanet ko an canza suna, dokar kare bayanai ta 2023 ta shafi wannan.

Nura: To a takardar neman aikin, a jera satifiket ɗin duka ko a'a?

Hajiya Rabi: A'a. Biyu ko uku da suka dace da aikin da ake nema, a ƙasa. Sama kuma ayyukan da aka yi, kowanne layi biyu da mahaɗin da za a danna a gani. Shafi ɗaya ga wanda bai yi shekara biyar yana aiki ba, a tura shi PDF, ba hoto, ba tebur mai ado, don manhajar tace takardu ba ta karanta su da kyau. Sunan fayil ya zama sunanka. Kuma kafin ka tura, ka buɗe mahaɗin a wayar wani, domin fayil ɗin Google Drive a kulle yake zuwa sai ka canza saitinsa zuwa duk mai mahaɗin ya iya gani.